Juma'ar da Na Yi Shiru a Bayan Labule

Jiya na fita daga takaba, yau na ɗauki biro. 'Yata Ma'u ta roƙe ni kada in rubuta wannan, wai za a ce na tona wa mahaifinta asiri bayan ƙasa ta rufe shi. Na ce mata rufin asirin ne ya kai shi ƙasar, kuma da hannuna a ciki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa jin nauyin kiran wata gaɓa ta jikin ɗan Adam a gaban allo ba, amma a cikin gidana na kasa.

Ƙurji ne ya fito wa mijina a fatar marainansa. Ga shi nan na rubuta, kuma hannuna bai karye ba. Da farko, in ji shi, bai kai ƙwayar wake ba. Daga ranar da ya fito zuwa ranar da aka sallaci gawar Alhaji sati bakwai ne.

Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shekararsa sittin da bakwai, kuma ya yi shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon suga. Muna zaune a Nassarawa GRA, mu biyu kaɗai tun da yara suka watse. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, mai kunya har ta zame masa cuta. Shekara talatin da takwas muna tare, ban taɓa ganin ya fito falo babu hula ba, ko da kuwa babu kowa a gidan sai ni da kyanwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da likita a gida. Mijin Ma'u, Nura, likita ne, ni Dakta nake ce masa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidanmu. Ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya gaida Alhaji kansa a sunkuye. Sannan ya matso, ya auna masa jini, ya soki yatsa ya duba suga, ya zare masa safa ya dudduba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don an ce masu suga ta ƙafa ciwo ya fi shigarsu. Iyakar abin da yake gani a jikin surukinsa ke nan: damtse, yatsa da ƙafa. A ƙarshe ya yi tambayarsa da ba ta canzawa, "Baba, akwai wata damuwa?" Alhaji ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Ni kuwa ina bayan labulen da ya raba falo da wurin cin abinci, daga nan muke gaisawa da Dakta shekara tara. Mutane suna yaba mana wannan surukuta, ni ma har alfahari nake yi da ita a cikin ƙawayena.

A satin farko tafiyar Alhaji na fara lura da ita. Yana ɗan ware ƙafa, in zai zauna kuma sai ya karkace gefe guda. Ya daina sa wando a cikin gida, ya koma ɗaura zane a ƙarƙashin jallabiya. Ranar Laraba na shiga ɗakinsa canza zanen gado, sai na tarar da ledar kemis a ƙarƙashin matashi, da kafso da man shafawa a ciki. A banɗakinsa kuma ga gajeren wando a shanye, ya wanke da kansa, tabon bai gama fita ba. Alhajin da ko hankici bai taɓa wankewa ba.

Na same shi a baranda da ledar a hannuna. Na ce, "Alhaji, wannan maganin na mene ne?"

Ya ce, "Ba wani abu ba ne, Malama. Ɗan zafi ne."

"Zafi a ina?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi fuskata, ya rufe. Can ya ce, "Zai wuce."

Bari in faɗi abin da ke kan fuskar tawa, tunda don shi na zauna rubutun nan. A watan da ya gabata Alhaji ya je Abuja sau biyu a kan maganar fanshonsa, kowace tafiya sati guda. Ni kuma kunnena cike yake da hirar gidan biki, ta dattawan da ke kwaso wa matansu ciwon sanyi daga tafiya. Na haɗa ledar kemis da wankakken wando da Abuja, na yanke hukunci ni kaɗai, babu shaida, babu tambaya. Mutumin da ban taɓa kama shi da ko kallon banza ba. Na ajiye masa ledar a kan tebur na juya. Daga ranar na ɗauki gaba, in ajiye abinci in wuce, in ya yi magana in amsa da kalma ɗaya. Da Juma'a ta zo Dakta ya tarar sugan ya hau, Alhaji ya ce mangwaro ya sha. Ina jin su daga bayan labule, na taɓe baki na ci gaba da jera kwanuka.

A sati na biyu Sabo ya shigo maganar. Sabo ƙanin Alhaji ne, yana sayar da kayan gini a Tudun Wada, mutum ne mai baki, ya san maganin kowace cuta ban da tasa. Ranar Talata da hantsi ya zo da wani tsohon wanzami rataye da zabira, wai aski za a yi wa Yaya. Suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa. Ina kicin na jiyo nishin Alhaji, irin wanda ban taɓa ji ba, sau biyu, sannan shiru. Da suka fito na tare Sabo a bakin mota.

Na ce, "Askin yau da kuka ake yin sa?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajjaju, kwantar da hankalinki. Maruru ne ya fito wa Yaya a wurin da ba a faɗa. An tsaga, an ja mugun jinin, an cusa magani. Jibi war haka ko keke yake so zai hau."

"Me ya hana a gaya wa Dakta?"

"Haba Hajjaju! Surukin nasa? Ya kwance wando a gaban mijin 'yarsa? Wallahi ke ma kin san ba zai yiwu ba."

"To wani likitan fa? Shi kaɗai ne a Kano?"

"Ai duk sun san Nura. Kafin Yaya ya gama ɗaura tazuge labari ya kai masa."

Ban yi masa musu ba, don a raina ni ma haka na gani. Maganar marurun kuwa ban yarda da ita ba, na ce ƙani ne yake rufa wa wansa asiri.

Laraba Alhaji ya ce ya ji sauƙi, har ya zagaya ya duba shukokinsa. Alhamis zazzaɓi ya rufe shi. Juma'a bai iya zuwa masallaci ba, abin da ban taɓa gani ba sai in ba ya gari. Amma da ya ji lokacin zuwan Dakta ya yi, ya lallaɓa ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare har falon ya ɗauka, ya zauna a karkace yana jira.

Dakta ya taɓa hannunsa ya ce, "Baba, jikin nan da zafi sosai." Ya duba suga, ya daɗe yana kallon na'urar. Ya zare safa, ya duba ƙafafu fiye da yadda ya saba, bai ga komai ba. Sai ya ce, "Baba, ko akwai wani ciwo a wani wuri? Ƙurji, ko yanka, ko wani abu da ya fashe? In sugan ya yi irin wannan hawan da zazzaɓi, yawanci akwai inda ciwo yake."

Alhaji ya ce, "Babu. Sauro ne kawai."

Ina tsaye a bayan labule, tsakanina da su bai fi taku huɗu ba, tiren lemo a hannuna. Na san da ƙurjin, na san wurin da yake, na san aska ta taɓa shi kwana uku da suka wuce. Abin da ake bukata a wurina shi ne in ɗaga labule in ce, "Dakta, akwai." Har na ɗauko maganar. Sai na tuna da wa zan yi ta, da kuma sunan wurin da zan kira, na ji ba zan iya ba. A ƙarƙashin kunyar kuma akwai fushi, wanda yake ce mini ya je can ya ƙarata da abin da ya kwaso. Na turo tiren ta ƙasan labule na koma kicin. Dakta ya rubuta maganin zazzaɓin sauro, ya ce lallai gobe a kai Baba asibiti a ɗebi jini. Da gari ya waye Alhaji ya ce shi ba inda za shi, ni kuma ban matsa ba.

Ranar Lahadi har rana ta ɗaga bai fito karyawa ba. Na tura ƙofarsa, wari ya buge ni, wari irin na naman da aka manta a leda. Yana kwance yana rawar ɗari, yana kiran sunayen abokan aikinsa da suka daɗe da mutuwa. Na ɗaga zanen. Wurin ya kumbura ya kai girman ƙwarya, fatar ta yi baƙi, baƙin ya fara hawa mararsa. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. Na kira Ma'u a waya, kuma kalmar nan da na kasa faɗa ranar Juma'a na faɗe ta sau uku a jere, ban ji komai ba.

Dakta ya iso cikin minti ashirin. Har a ranar sai da ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya yi sallama. Na daka masa tsawa, karo na farko a rayuwata, na ce, "Shiga mana!" Ya shiga, ya ɗaga zanen, ya mayar. Ya sungumi surukinsa kamar yaro ya kai mota, hular Alhaji ta faɗi a baranda, ni na tsince ta na cusa a jaka.

Wanda yake zaton samun likita a dangi yana raba mutum da layin babban asibiti bai je ba ne. Mun tarar da ɗakin gaggawa a cike, wasu a kan benci, wasu a tabarma da ledar ƙarin ruwa rataye a jikin taga. Da ƙyar Dakta ya samo gadon turawa. Aka ce sai an yi gwaji, sai an samo jini leda biyu, sai an sauko da sugan, sai ɗakin tiyata ya samu. Sabo ya zo a guje ya ba da leda ɗaya, wani abokin aikin Dakta ya ba da ɗaya, Allah ya saka masa, ko sunansa ban riƙe ba. Tun hantsi muke nan, ba a shiga da Alhaji ba sai bayan la'asar.

Babban likitan tiyatar wani dattijo ne gajere mai furfura, ba ya ɗaga murya. Da ya fito na ja shi gefe, na cire kunya na tambaye shi abin da ya yi sati biyu yana cina. Na ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya. Wannan ciwon wurin mace ake ɗaukarsa?"

Ya dube ni ya ce, "A'a, Hajiya. Gindin gashi ne ya toshe ya yi ƙurji, irin wanda yake fito wa kowa. Amma mai suga ne, kuma an tsaga da aska. Cuta ta samu ƙofa, ta bi ƙarƙashin fata tana cin nama. Wannan ciwon da awa muke lissafa shi, ba da kwana ba."

Na ce, "Da ranar Juma'a aka kawo shi fa?"

Ya ce, "Da aikin bai kai haka ba. Saura kuma na Allah ne."

Na zame na zauna a ƙasan barandar asibiti, mutane suna tsallake ƙafafuna. Ban yi kuka ba a lokacin. Kunya ce ta rufe ni, ta gaske, wadda ta kamata in ji tun ranar da na zargi bawan Allah nan.

Sati na uku da na huɗu a tsakanin ɗakin tiyata da gado muka yi su. Sau huɗu ana shiga da shi, kowane shiga a ƙara yanke naman da ya mutu. Aka sa masa robar fitsari. Ciwon a buɗe aka bar shi, kullum da safe a wanke a sake rufewa, kuma wannan wankin shi ne azabar da ban san da wane baki zan kwatanta ta ba. Ni ana fitar da ni, ina tsaye a baranda ina jiyo muryarsa yana salati har ta dushe. Ranar zagayen manyan likitoci kuwa, ɗalibai sun fi goma suke kewaye gadon, a yaye zane ana nuna musu da biro. Mutumin da ya gwammace aska a kan mutum ɗaya ya gan shi, ga shi kowa yana gani. Sai ya rufe ido ya juyar da kai bango har su gama.

Akwai wanda ba zan manta da alherinsa ba, wani nas dattijo da ake kira Malam Ado. Shi kaɗai ne ba ya fara wankin ciwo sai ya ja labule ya ce, "Alhaji, a yi mini izini." Yana aiki yana jan sa da hirar Kano ta da, lokacin da bayan GRA duk gonaki ne, har Alhaji ya manta da ciwon ya shiga gyara masa sunan wani wuri. Akwai kuma wadda na bar ta da Allah, wata ma'aikaciya da ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci ta ce da ƙarfi a buɗe taga, mai gado na shida, wato Alhaji, ya cika ɗaki da wari. Alhaji ya ji. Sau biyu sakamakon gwaji yana ɓata a sake ɗibar jini a hannun da jijiya ta ƙare. Kullum safiya da takardar maganinta, wani a samu a ciki, wani sai Ma'u ta zagaya gari. Ba zan tsaya lissafin abin da aka kashe ba. Mun sayar da filinmu na Giginyu, ban ji ciwonsa ba. Abin da nake jin ciwonsa shi ne ganin likita a satin farko bai fi kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Yayar Alhaji ta rantse jifa ne, daga tsohon ofishinsu. Wani ya zo da jarkar tsimi mai zaƙi kamar alewa, wai a ba mai suga. Wani ya ce a fitar da shi ƙasar waje, mutumin da ko zama ba ya iya yi. Duk wanda ya tambayi abin da ke damunsa sai mu ce suga ne ya tashi, su kuma su dubi ƙafafunsa su ga lafiyarsu ƙalau. Har a gadon asibiti ɓoyon muke yi. Da likitoci suka ce a kawo zuma mai kyau don wankin ciwon, Sabo ya tafi har ƙauyensu ya kawo da kansa. Tun ranar Lahadin nan bakinsa ya mutu. Shi yake kwana da Yayansa, shi yake zubar da fitsari, kuma bai ƙara ce mini Hajjaju ba. Na so in zage shi, sai na rasa da wane bakin.

A sati na biyar aka ga alamar sauƙi. Naman ya fara yin ja, zazzaɓi ya sauka, har ana maganar za a yanko fata daga cinya a rufe wurin. Wata rana bayan azahar muna mu biyu, ina ba shi kunun da ba sukari, na ajiye cokalin na ce, "Alhaji, akwai abin da zan roƙe ka. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba."

Ya ce, "Na sani, Malama."

"Ka sani?"

"Ranar da kika zo da ledar nan, ke na yi niyyar gaya wa. Kwana biyu ina shirya yadda zan fara. Da na dubi fuskarki na ga kin riga kin gama shari'a, sai na ce in na faɗi wurin, ai na tabbatar miki ke nan."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba a baranda. Ya ɗora hannunsa mai allura a kaina ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa taurin kai. Ya yafe, na sani. Amma har yau in na rufe ido ina ganin bakin nan nasa da ya buɗe ya rufe.

Sauƙin bai daɗe ba. A sati na shida fitsarin da ke cikin leda ya fara raguwa, ƙafafunsa suka kumbura, aka ce ƙoda ta gaji. Aka yi wankin ƙoda sau uku, kowanne sai an bi layi, kowanne kuma yana dawowa ya fi jiya laushi. Zazzaɓin ya dawo. Babban likitan ya daina maganar yanko fata.

A cikin kwanakin nan ne na tare babban likitan na ce ya gaya mini, in da ana komawa baya, yaushe ya kamata mutum ya zo. Na rubuta abin da ya ce a bayan takardar magani, tana nan a jakata. Ya ce yawancin ƙurajen da ke fito wa maza a gaba ba wani abu ba ne, wasu ma da su aka halicci mutum, wasu na aski ne ko na gumi, amma ba mai shi ne zai yanke wannan hukuncin ba, ba kuma mai kemis ba. In ƙurji yana ciwo, ko yana girma, ko ya fashe ya ƙi warkewa, ko yana fitar da ruwa ko jini, ko launinsa ya canza, a zo. In ya yi sati biyu bai tafi ba, ko ba ya ciwo, a zo. In da zazzaɓi ko kumburi, a ranar za a zo, ba gobe ba. Mai suga kuwa kada ya jira ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kada a matse, kada a tsaga, kada a cusa komai. Ya ƙara da cewa ko da ciwon na ɗauka ne, shi ma da maganinsa, kuma likita ba alƙali ba ne. Wannan ta ƙarshen da ni yake, na sani.

Dakta Nura ba shi yake yi wa Alhaji aiki ba, amma kullum yana nan, kuma babu abin da bai gani ba. Ya rame kamar shi ne majinyacin. Ma'u ta gaya mini yana cewa ranar Juma'ar nan ya jiyo wani wari a ƙarƙashin turaren, ya so ya ce Baba su shiga ɗaki ya duba shi, nauyi ya hana shi. Ashe mu uku ne a falon nan, kowa ya san wani abu, kowa yana ganin girman wani.

Ranar Alhamis ta sati na bakwai, da la'asar, Alhaji yana kwance ido a rufe, tun safe bai yi magana ba. Dakta ya yi sallama a bakin ƙofa. Sai na ga hannun Alhaji yana lalube a kan matashi. Na sunkuya, ya ce, "Hulata." Raina ya ɓaci, hawaye na zuba, na ce a zuciyata har yanzu? Amma na ciro ta daga jaka, inda take tun ranar da ta faɗi a baranda, na sa masa. Dakta ya durƙusa a kan simintin asibiti kamar yadda yake yi a falo.

Alhaji ya ce, "Nura." Ban taɓa jin ya kira sunansa ba sai ranar. "Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Kada ka ɗora wa kanka. Ka riƙe Ma'u."

Dakta ya kifa kansa a bakin gadon, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada, da Sabo yake maimaita masa. Kafin a kira magariba ya cika, da hularsa a kansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna mini ba, masu ta'aziyya sun faɗa mini sau ɗari. Amma ni na tsaya a bayan labulen nan, ba su ba. Maza, wurin nan jiki ne kamar ƙafa, kuma yana ruɓewa fiye da ƙafa sauri. In surukinka ne likita kana jin nauyinsa, ce masa ya haɗa ka da wani, ba sai ka kwance komai a gabansa ba. Mu duka ba wanda wannan dabarar ta zo wa. Mata kuma, in kika ga mijinki ya canza tafiya, ki gyara fuskarki kafin ki tambaye shi, ki kai shi asibiti tukuna, shari'ar ta biyo baya in akwai ta.

Dakta bai daina zuwa ranar Juma'a ba. Duk tsawon takabata yana zuwa, ya tuɓe takalmi a baranda, ya durƙusa a bakin ƙofa yana fuskantar kujerar da babu kowa a kanta, mu gaisa ta bayan labule. Juma'ar da ta wuce, bayan mun gaisa, ya ce, "Mama, akwai wata damuwa?"

Bakina har ya ɗauko lafiya lau, don ya saba. Na haɗiye ta. Na ɗaga labulen na fito, na zauna a kujerar Alhaji, na ce ya tashi ya hau kujera. Ya ƙi. Na ce ba roƙo nake yi ba. Ya zauna a gefen kujerar kamar za ta ƙone shi.

Na ce, "Akwai, Dakta. Akwai ƙullutu a nonona na hagu, yau sati uku ina jin sa."

Har yanzu da nake rubutun nan sakamakon gwajin bai fito ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma a ranar, karo na farko cikin shekara tara, surukina ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido. Ya miƙe ya laluba aljihu ya ciro makullin mota.

Ya ce, "Mama, ɗauko mayafinki. Yanzu za mu tafi."